Koren Rani: Daga Kadawa Zuwa Damagaram

Buhun alkama ne ya kai malamin Kadawa. Goggonsa da ke Damagaram za ta aurar da autarta, ta kuma aiko masa tun watan jiya cewa in zai zo kada ya zo mata hannu rabbana. Alkamar alkaki take so, tsabarta, ba garin kanti ba. Shi ya sa ranar wata Laraba cikin Janairu, maimakon ya nufi arewa, sai ya fara yin kudu. Ya bi titin Zariya daga Kano da sanyin safiya, ya wuce Kura, hazo ya lulluɓe gari har rana ta koma kamar farin faifai, kana kallonta ido ba ya ko ƙiftawa.

Shekararsa goma sha biyu yana koyar da ilimin halittu a sakandare. Kowace shekara yakan rubuta wa 'yan aji lissafi guda a allo: ƙwaya 6 ta iskar kabon da ƙwaya 6 ta ruwa, in haske ya shiga tsakaninsu, sai a samu ƙwaya 1 ta sukari da ƙwaya 6 ta oksijin. Sunan abin fotosintesis. Yara su haddace, su juye a takardar jarrabawa, su manta kafin a dawo hutu. Shi kansa malamin ba ya ganin laifinsu, domin layin nan na allo ba ya nuna komai na wahalar da ke cikin aikin, kamar a ce da mutum tuwo gari ne da ruwa da wuta, a tsaya a nan.

Kadawa ba ta yi wa baƙo sallama. Ana cikin tafiya tsakanin gonakin da suka bushe ƙayau, sauran kara da ƙura, sai kawai kore ya buɗe hagu da dama har iyakar ganin ido. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya biyo babbar kanal, ya rarrabu cikin ƙanana, ya isa fangali-fangali na tumatir da albasa da masara da alkama. A bakin wata 'yar kanal malamin ya tarar da wani dattijo ya naɗe wando zuwa gwiwa yana ban ruwa. Sai dattijon ya tsoma lanƙwasasshen bututu cikin ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya fizgo shi ya kwantar a kan gaɓa, ruwa ya kama zuba cikin gona da kansa. Ya yi haka da bututu takwas kafin ya ɗago kai.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, Malam, sannu da zuwa. Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne."

"Mu nan sanyin shi ne jarinmu," in ji dattijon. Ya nuna alkamar da ta kai gwiwa, ta fara ɗaukar ciki. "Wannan tsakiyar Nuwamba na zuba ta. In Allah Ya bar mana hunturu zuwa ƙarshen Fabrairu, to alhamdu lillahi. In zafi ya yi sammako, sai dai haƙuri."

Malamin ya nemi izini ya tsinko ganye ɗaya, ya ɗaga shi saitin rana. Hasken da ke ratsa ganyen ya baro rana minti 8 da daƙiƙa 20 da suka wuce, ya keto kilomita miliyan 150, sannan ya kutsa ta cikin ƙurar da iska ta ɗebo daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. A cikin kowane ɗan ɗakin halitta na naman ganyen akwai gommai na wasu 'yan korayen jakunkuna da ake kira kuloroplas, a cikinsu kuma akwai faya-fayai jere kamar an ɗora kwabbai, waɗanda launin kulorofil ke manne a jikinsu. Wasu Faransawa biyu masu haɗa magunguna, Pelletier da Caventou, su suka raɗa masa wannan suna a 1817. Ƙirarsa ta yi kama da ta jan launin jinin mutum, sai dai a tsakiyar na jini ƙarfe ne, a tsakiyar na ganye kuwa magniziyam. Ya fi haɗiye jan haske da shuɗi, ragowar koren da bai shanye ba shi ke dawowa idon mai kallo.

Da haske ya bugi kulorofil, sai wata 'yar ƙwayar lantarki da ake kira ilektiron ta zabura ta fice daga mazauninta. Dole a cike gurbin, kuma daga ruwa ake cike shi. Ganye yana da wani ɗan gungu na ƙwayoyin zarra, huɗu na manganis ɗaya na kalsiyam, wanda ke fasa ƙwayar ruwa ya ƙwace lantarkinta. Fasa ruwa ba wasa ba ne, ɗan Adam sai ya ja wuta mai ƙarfi kafin ya iya, amma ga ganyen alkama yana yi cikin sanyin Janairu ba ko ƙara. Abin da ya rage bayan an fasa, wanda ganye ba ya da bukatar yawansa, shi ne oksijin, sai ya sake shi ya bi iska. An daɗe ana zaton daga iskar kabon oksijin ɗin ke fitowa, sai a 1941 Samuel Ruben da Martin Kamen a Amurka suka shayar da tsiro ruwa mai alama, suka ga alamar ta fito a cikin oksijin. Numfashin da dattijon ke ja yana saɓa fartanya, daga ruwa irin na kanal ɗin nan aka tsago shi.

Sauran bayanin ma a gaban malamin yake, ba sai ya zana ba. Ilektiron ɗin da ya zabura yana gangarawa hannu zuwa hannu ta kan wasu sunadarai da ke jere, kuma da ƙarfin gangarowarsa ake tura wasu ƙwayoyi masu suna furoton zuwa cikin faifan, su taru su cunkushe kamar ruwa a bayan madatsa. Ƙofar fita ɗaya ce, kuma a bakin ƙofar akwai wani ɗan inji mai juyawa, juyawa ta gaske irin ta dutsen niƙa. Furoton na fita yana juya shi, shi kuma yana ƙera wani sinadari da ake kira ATP. Wannan bayani ya jawo lambar Nobel har sau biyu, ta Peter Mitchell a 1978, da ta Paul Boyer da John Walker a 1997. A ƙarshen layin, bayan haske ya sake zaburar da ilektiron ɗin karo na biyu, sai a ɗora shi kan wani ɗan dako mai suna NADPH. A nan ne haske ya tashi daga haske ya zama ƙarfi a ɗaure cikin sinadari.

Amma ATP kuɗin cefane ne, ba ya kwana. Ajiya sai an mai da shi sukari. Wannan kashi na biyu Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham suka bi sawunsa a jami'ar Kalifoniya da ke Bakali, da kabon mai alama da gansakukar ruwa, Calvin ya karɓi Nobel a 1961, shi kaɗai, abin da har yau wasu ke ganin an yi wa Benson ƙwange. Kafin a ɗaure ƙwaya ɗaya ta iskar kabon sai an kashe ATP 3 da NADPH 2. Wanda ke kamo iskar wani sinadari ne mai suna Rubisko, kuma in ana neman ma'aikacin da ya fi kowa yawa a duniya tare da fin kowa nawa, to shi ne. Abokan aikinsa na gama dubbai a daƙiƙa guda, shi da ƙyar yake kama uku zuwa goma. Ga shi kuma da raunin ido: wajen sau ɗaya cikin huɗu yakan damƙo oksijin a zaton kabon ne, ganye ya yi ta ɓarnar ƙarfi wajen gyara kuskuren. Zafi na ƙaruwa, kuskuren na ƙaruwa.

Iskar kabon kuwa ba ta da yawa. Cikin kowace ƙwaya miliyan ɗaya ta iskar da muke shaƙa, wajen 420 ne kawai nata. Don ganye ya same ta dole ya buɗe wasu 'yan bakuna da ke fatarsa, waɗanda ido ba ya gani, gommai ko ɗaruruwa a fili kamar kan allura. Ta inda kabon ke shiga, ta nan ruwa ke tsere wa. Kafin alkama ta kama ƙwaya ɗaya ta kabon, ta yi asarar ɗaruruwan ƙwayoyin ruwa. Fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da saiwa ta zuƙo sama yake tafiya, ɗan kaɗan ne ake fasawa. Wato haske a ƙasar nan kyauta ne, har ya yi yawa. Da ruwa ake biya. Bututu takwas ɗin dattijo kuɗin sayen iska yake zubawa.

Alkamar bana ba ta nuna ba, don haka ta bara dattijon ya auna masa daga ɗakin ajiya, rabin buhu. Yana ɗaure bakin buhun ya ce, "Gaskiya ɗaya ce, Malam. Wannan ta baya ce, sai cikin Disamba na samu zuba ta, ruwa bai zo mana da wuri ba. Amma tana da daɗi." Malamin bai kawo komai a ransa ba, ya biya, suka yi sallama.

Washegari da hantsi ya samu mota a tashar Ƙofar Ruwa, aka danna buhun a but tare da katan-katan na taliya da wani injin markaɗe. Suka bi ta Dambatta. A Kazaure direba ya tsaya shan mai, fasinjoji suka watsu, malamin ya zauna a bencin mai shayi. Yaron mai shayin yana kwashe tokar jiya daga murhu da wani gutsuren kwano. Malamin ya tambaye shi itace nawa suka ƙona jiya. Yaron ya ce dami guda, wanda da ƙyar ya ɗauko shi a ka. Tokar ba ta cika kwanon ba.

Tokar nan ita ce rabon ƙasa a cikin itacen: kalsiyam da fotasiyam da 'yan'uwansu da saiwa ta tsotso. Sauran nauyin da ya danne wuyan yaron daga iska da ruwa ya zo, kuma can ya koma da aka hura wuta. Zafin da ya tafasa shayin hasken rana ne na shekarun da bishiyar ta yi a tsaye. Mutane sun daɗe ba su yarda da haka ba, don kowa gani yake tsiro ƙasa yake ci. Wani likita a yankin da yau ake kira Beljiyam, Jan Baptist van Helmont, ya dasa wata 'yar bishiya mai nauyin kilo 2 da 'yan kai a cikin tukunya mai ƙasa kilo 90, ya yi shekara biyar yana ba ta ruwa kawai. Da ya auna, bishiya ta haura kilo 75, ƙasa kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. An buga labarin a 1648, bayan rasuwarsa. Ya yanke hukunci cewa duk daga ruwa ne, ya ci rabin gaskiya ya bar rabi, domin bai kawo iska a lissafi ba. Sai a 1771 Joseph Priestley ya ga reshen na'ana'a yana gyara iskar da kyandir ya ɓata a cikin kwalba, a 1779 Jan Ingenhousz ya nuna cewa sai da haske hakan ke faruwa, a 1845 kuma Bajamushe Julius Robert Mayer ya faɗi maganar a fili: tsiro yana kama ƙarfin haske ya adana shi.

Kafin mota ta tashi wani mai baro ya turo rake, dogaye, an kankare su fari tas. Direba ya sayi gaɓa uku, malamin ya sayi biyu. Ruwan zaƙin da ya gangaro masa a haɓa shi ne sukarin allo, bai ko sauya kama ba sosai. Rake ne kuma ya tona wani asiri da ya shafi kowane rumbu a ƙasar Hausa. Masu bincike a gonakin rake na Hawai, Hugo Kortschak da abokansa, sun lura cewa abin da rake ke fara ƙerawa in ya kama kabon ba irin na Calvin ba ne, mai ƙwayar kabon uku. Nasa huɗu gare shi. A 1966 Hal Hatch da Roger Slack a birnin Birisben na Ostireliya suka warware hanyar gaba ɗaya. Daga nan aka raba tsirrai gida biyu, 'yan C3 da 'yan C4. Alkama da shinkafa da wake da gyaɗa da kusan duk itatuwa 'yan C3 ne. Gero da dawa da masara da rake 'yan C4.

Dabarar 'yan C4 dabarar gidan Bahaushe ce. Ba su kori Rubisko ba duk da raunin idonsa. Sun mai da shi ƙuryar ɗaki, a wasu ɗakunan halitta masu kaurin bango da ke kewaye da jijiyar ganye, suka ajiye wani mai kaifin ido a zaure. Na zauren ba ya ruɗewa da oksijin. Shi ke tarbar kabon, ya ƙunshe shi, ya aika ciki, a kwance ƙunshin a gaban tsohon. Sai kabon ya taru a ƙuryar ninki-ba-ninki, duk inda Rubisko ya kai hannu shi yake damƙa. Aiken yana cin ƙarin ATP, shi ya sa a ƙasa mai sanyi dabarar ba ta da wata riba. Amma inda rana ke dukan ƙasa, riba ce babba, domin ganye na iya tsuke bakunansa ya rage asara, ya ƙera abinci daidai da na alkama da kusan rabin ruwan da ita za ta sha. 'Yan C4 ba su wuce kashi 3 cikin 100 na ire-iren tsirran duniya ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na aikin kama kabon a doron ƙasa su ke yin sa.

Daga Kazaure zuwa Daura gonakin gero ne da dawa, duk a share, sai kututturen kara da awaki na kiwo, da rumbuna tsaye a bayan ƙauyuka, da harawa a cokalan itatuwa. Ma'aikatar ganye ta rufe tun Oktoba. Gero yakan gama aikinsa cikin wata uku ko ƙasa da haka, ya kama hasken damina ya cusa a zangarniya a matsayin sitaci, ya mutu ya bar rani ga mai iyawa. Ba baƙo ba ne a nan: an samu shaidar nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun wajen shekara 4,500 da suka wuce, dawa kuma a gabashin Sudan tun kafin haka. Kakannin da suka zaɓe su ba su san C4 ba, sun dai san abin da ke tsayawa in ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar.

Wani fasinja da ke sauraren malamin yana yi wa direba bayani ya ce, to ita shinkafa fa, ai tana son zafi. Malamin ya ce tana so, amma dubi inda take tsayawa, ƙafarta cikin ruwa. Mai kuɗi ce, ba ta neman ragi. Shi ya sa tun 2008 cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin da wasu jami'o'i suke ƙoƙarin koya mata dabarar gero, kuma har yau ba ta kai gonar manomi ba.

Daura ta wuce da sauri, ba a ko leƙa rijiyar Kusugu ba. A Kwangwalam aka sauka, aka duba takardu, aka buɗe but, wani jami'i ya soka hannu a buhun alkama ya murza ya mayar. Aka haye Ɗan Barto. Bakin hanya ga kwalaben fetur jere a kan tebur, rana na haska su ja-ja. Shi ma tsohon haske ne, na ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka nutse miliyoyin shekaru da suka wuce. Kusa da su wani mai cajin waya ya jingina faifan sola a jikin rumfa. Faifan yakan mai da wajen kashi 20 cikin 100 na hasken da ya same shi wuta, gona kuwa in ta adana kashi 1 ko 2 a tsawon damina ta yi ƙoƙari. Sai dai faifan daga Sin aka kawo shi a jirgin ruwa, gero kuwa daga ƙwaya ɗaya yake gina kansa, ya kuma bar iri.

Wajen Matamaye ƙasa ta sauya. Yashi ya ƙaru, ruwan sama a nan bai kai na Kano ba, amma itatuwa sun fi yawa. Gonaki ne fetal, a cikinsu gawo tsaye birjik, manya da matasa, kowanne ya yi lif da ganye shuɗi-shuɗi mai toka-toka, a tsakiyar rani, babu kanal babu bututu. Nan tayar baya ta yi faci. Direba ya yi tsaki ya fito da jak, fasinjoji suka nufi inuwa mafi kusa.

A gindin gawon akwai wani tsoho zaune a kan buzu yana tufka igiya, jikansa kuma na sama da doguwar gora yana kaɗo 'ya'yan itacen, masu lanƙwasa, ruwan lemo, tumaki na rububi a ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, tsohon ya tura yaro ya kawo ruwa. Malamin ya ɗebi ƙasar gindin itacen a hannu. Baƙa-baƙa ce, da ɗan laushi, ga kashin tumaki ga ruɓaɓɓen ganye. Taku ashirin daga nan yashi ne fari.

"Baba, geron gindin nan da na can waje ɗaya suke?"

Tsohon ya yi dariya har igiya ta faɗi. "Ɗana, kai baƙo ne? Na nan sai ka ɗaga kai ka ga zangarniyarsa. Ai gawo ba ya cin amanar gero. Ruwan sama na sauka shi ko zai zubar da ganye ya tsaya tsirara kamar matacce. Sai an kai amfani gida sannan ya sa riga."

Abin da tsohon ya faɗa shi ne abin da ya sa masana daga ƙasashe da yawa suke zuwa kallon itacen nan. Kusan kowace bishiya a yankin da damina take ganye, ta yi gasar haske da shuka. Gawo ya juya kalandar. Da damina rassansa ƙaya ce zalla, haske ya ratsa ya sauka kan gero, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki daidai lokacin da shuka ke nema. Da rani, sa'ad da hasken ke zuba a banza a kan gonakin da ba kowa, shi yake buɗe nasa shagon. Ɗan C3 ne kamar alkama, ruwa yake kashewa da yawa, amma Tigarsa a ƙarƙashin ƙasa take: saiwarsa na nutsawa mita goma ko fiye har ta taɓa ruwan da rijiya ke kaiwa. Dangin wake ne kuma, akwai ƙwayoyin halitta a saiwarsa da ke kamo naitirojin daga iska, sinadarin da manomi ke saye a buhun yuriya, wanda in babu shi ba a ƙera kulorofil ko Rubisko, ganye ya yi rawaya. A littattafan kimiyya sunansa Faidherbia, sunan Louis Faidherbe, gwamnan mulkin mallaka na Faransa a Senegal.

Mutanen Damagaram sun san darajarsa tun da daɗewa. Ana ba da labari cewa Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo ba izini. Daga baya dokar daji ta zamanin Turawa ta mai da itatuwa mallakar hukuma, manomi ya daina ganin su nasa ne, aka kuma koya masa cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Farin shekarun 1970 da na 1984 suka zo suka tarar da ƙasa a tsiraice. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, wanda dashensa ke ta mutuwa, ya tsaya rage iskar taya a kan yashi, ya lura cewa 'yan kurmin da ke tohowa a gonaki ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kare su daga awaki da gatari. Aka kira shi sassaben zamani. A Magarya da Matamaye da Mirya manoma da yawa da kansu suka kama barin gawo, maƙwabci na ganin na maƙwabci. Da aka gwada hotunan sama na da da na yanzu, masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar.

Malamin ya tuna bukukuwan dashen itatuwa da ake kai ɗalibansa duk shekara, a zo da manyan baƙi da 'yan jarida, a dasa, a ɗauki hoto, kafin watan Maris ba ko ɗaya da rai. Ɗan dashe ba shi da saiwar da zai biya kuɗin ruwan rani. Tsohon kututture yana da ita, yana kuma da sitacin da ya ɓoye tun kafin a sare shi.

Kafin direba ya gama ɗaure taya, malamin ya taka zuwa wata kuka da ke gefen hanya, ba ganye ko ɗaya a kanta, 'ya'yanta na reto. Ya sa farce ya ɗan kankare fatar wani ƙaramin reshe. A ƙarƙashin tokar fatar kore ne shar. Ita ta rufe bakunanta gaba ɗaya ta zubar da ganyen, tana zaune a kan ruwan da ta tara a cikinta, tana ɗan lallaɓa aikin da fata kafin damina. Jikan tsohon da ya biyo shi ya leƙa, shi ma ya kankara ya gani, ya ruga ya gaya wa kakansa.

Sun shiga Damagaram bayan la'asar, manyan duwatsun garin sun yi ja da hasken yamma. Gidan goggo a Birni yake, ba nisa da fada, tsakar gida cike da mata, ana ta daka, an kafa murhu uku. Bayan gaisuwa da faɗan me ya sa bai zo da iyali ba, aka shigo da buhun. Goggo ta kwance bakin da kanta, ta ɗebo a tafi, ta matsa inda haske yake, ta baza da yatsa.

"Kai, ɗan nan, wa ya sayar maka da wannan? Dubi yadda ta motse. Ba ta cika ido ba."

Malamin ya karɓa ya duba. Ƙwayoyin sirara ne, da 'yar tamoji a gefe. Alkamar Disamba ce, wadda zafin Maris ya riske ta tana tsakiyar zuba sitaci a ƙwaya, ganyenta ya bushe kafin ta gama. Ya buɗe baki zai yi bayani, goggo ta riga ta juya tana kiran wata yarinya ta kawo faifai da turmi, tana cewa a ƙara tiya biyu a kan abin da aka saba, tunda ba ta da auki.